"Ba mu muka aike shi ba": in ɗan agaji ya yi ɓarna, wa zai biya?

Wata Juma'a a unguwarmu, saura kamar minti goma liman ya hau mumbari, 'yan agaji sun riga sun gitta benci biyu da tsohuwar taya a bakin titi kamar yadda aka saba, sai ga mai adaidaita sahu ya ɗauko mata biyu da yaro yana ta magiya a bar shi ya ratsa ta gefen kwata, wai ɗayar ba ta da lafiya. Saurayin da ke tsaye a wajen bai fi shekara 22 ba, kakinsa ya sha guga, hula a karkace, usur a wuya, yace ba hanya. Mai adaidaita ya ɗan murza totur zai silale, shi kuma ya ɗaga gorar hannunsa ya sauke ta a gilashin gaba. Gilashi ya tarwatse, ɓarɓashi ya shiga idon yaron da ke zaune gefen direba. Ana ta salati, aka kwashi yaro sai asibiti, mu kuma muka shiga sahu zuciya ba daɗi.

Bayan kwana biyu uban yaron ya zo wajen kwamitin masallaci da takardun magani a leda. Ciyaman, dattijo ne mai mutunci wallahi, yace masa "Alhaji ka yi haƙuri, yaran nan aikin Allah suke yi, ko sisi ba ma ba su, kuma mu ba mu ce ya daki kowa ba." Mutumin ya yi shiru can yace "To Malam, wa ya ba shi kakin? Wa ya tsayar da shi a wajen?"

Ni dai tun ranar nake juya maganar nan, don abin da lauyoyi ke cika littafi da shi, mutanen nan biyu sun gama faɗarsa a tsaye a ƙofar masallaci. Kuma ba ƙaramar magana ba ce a garin nan, tunda kusan duk wani aikin addini a Kano a wuyan 'yan sa-kai yake. 'Yan agajin Izala, na Fityanul Islam, na Jama'atu Nasril Islam, masu tsare hanya ranar Maukibin Ƙadiriyya da Takutaha, malaman Islamiyyar dare da ba a ba su komai sai na sabulu, masu rabon abincin buɗe-baki, matasan da ke tsaron ƙofar coci a Sabon Gari ranar Lahadi. Tun bayan harin 20 ga Janairun 2012, da kuma wanda aka kai babban masallacin Juma'a na cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014, aikin ya ƙaru, aka miƙa wa samari na'urar caje mutane da ikon tare titi, kuma kowa ya san sun taimaka. Amma duk wanda ka ba iko a kan jama'a, wata rana sai ya taka wani.

Abu na farko da mutane ke cakuɗawa shi ne laifi da diyya. In aka ce shari'ar laifi, irin wadda 'yan sanda ke kai mutum gaban majistare, to wannan wanda ya aikata shi ke amsawa, ba a ɗaure ciyaman don ɗan agaji ya fasa gilashi, sai dai in an tabbatar shi ya zuga ko da shi aka haɗa baki, wanda dokar laifuka ta Final Kod ta tanadi hukuncinsa daban. Kai, ko kama wani a madadin wani ma haramun ne a doka, sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya hana, duk da dai kowa ya san yadda ake yi a caji ofis, a ɗauko liman ko sakatare a ajiye a bayan kanta sai yaro ya fito. Wannan ƙarfa-ƙarfa ce kawai. Ita kuwa shari'ar neman diyya, wadda wanda aka cuta ke shigarwa da kansa don a biya shi kuɗin magani da asara, a nan ne ƙungiya ke iya tsintar kanta tsundum ko da shugabanninta suna gida suna barci lokacin da abin ya faru.

Sai kuma tambayar wai wace ce ma "ƙungiyar" a idon kotu. Kotu ba ta san masallacin layinku ba, ba ta san "Matasan Unguwa Kaza Masu Da'awa" ba, mutum ta sani, ko na jini da tsoka ko wanda doka ta ƙirƙira. Ƙungiyar addini tana zama mutum a doka ne in ta yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA wadda Buhari ya sa wa sabuwarta hannu a watan Agustan 2020, ita ce ma wadda ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ta kumfar baki a kan sashenta na 839 da ya ba hukuma damar dakatar da amintattu. Da zarar an ba ku satifiket, ƙungiya tana iya mallakar fili da sunanta, ta yi ƙara, a yi ƙararta. Mutane da yawa suna gudun rajista wai kar gwamnati ta sa musu ido, ba su san rajistar nan katanga ce tsakanin bashin ƙungiya da aljihunsu ba. In ba rajista, lauyan mai ƙara ba zai tsaya neman fatalwa ba, sunan ciyaman da sakatare da ma'aji zai rubuta, su da kansu kuma a madadin sauran 'yan ƙungiya, kaga kenan gidanka da shagonka na Kwari sun shigo cikin magana. Ko ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa sai da Kotun Ƙoli ta gaya mata a 1989, a shari'arta da Gani Fawehinmi, cewa ba ta da matsayin mutum a doka a lokacin. Balle kwamitin masallacin layi.

Kuma amintattu ana gurfanar da su fa. Da ginin masaukin baƙi na cocin Synagogue ya rufta a Legas ranar 12 ga Satumban 2014 ya kashe mutum 116, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu, gwamnatin Legas ba injiniyoyi kawai ta kai kotu ba, har da amintattun cocin masu rajista.

To ta ina alhaki ke hawa kan ƙungiya? Ƙofa biyu ce, kuma ta farko ma ita ta fi faɗi amma ita aka fi mantawa. Wato sakacin ƙungiyar ita kanta. Kun ɗauki mutum kun ba shi aji na yara 'yan shekara bakwai ba ku tambayi daga ina ya fito ba, ko an kawo muku ƙorafinsa sau biyu kun ce a rufa asiri, kuka mayar da shi wani reshen. Kun ba yaro makullin bas ɗin ƙungiya kun san ba shi da lasisi, ko kun san birkin sai an yi famfo. Kun sanar da rabon shinkafa a rediyo, kun buɗe ƙofa ɗaya ƙarama, kun sa samari huɗu su tare mutum dubu. A duk waɗannan ba ruwan alƙali da ko ana biyan ɗan agaji ko ba a biyansa, ku kuka yi sakacin da hannunku. Mun gani a watan Disambar 2024, cikin mako guda, turmutsutsu a Ibadan ya kashe yara 35, a cocin Katolika da ke Maitama a Abuja mutum 10 wajen rabon kayan abinci, a Okija ta jihar Anambra 22, har sufeton 'yan sanda ya fito ya ja kunnen masu shirya irin wannan rabo cewa sakaci laifi ne a doka. Duk niyyar alheri ce ta tara mutanen. Mu ma nan ba mu manta da jirgin ruwan Bagwai ba a ƙarshen Nuwamban 2021, da ya kife da 'yan Islamiyya a hanyar zuwa Mauludi, aka ciro gawa aƙalla 29, yawanci yara, kuma lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Duk wanda ya taɓa kwasar ɗaliban Islamiyya zuwa musabaƙa ko ziyara a bayan a-kori-kura ya san sau nawa Allah ne kawai ya tsare.

Ƙofa ta biyu ita ce mai rikitarwa, inda ƙungiya ba ta yi laifin komai ba, ta tantance, ta horar, ta ja kunne, amma duk da haka a ce ta biya saboda laifin wanda ke mata aiki. Wannan ƙa'ida mun gaje ta ne daga dokar Ingila, asalinta tsakanin ubangida da yaronsa: in direban kamfani ya banke mutum yana bakin aiki, kamfani ke biya. Kotun Ƙolin Najeriya ta jaddada ta a 2000 a shari'ar kamfanin Ifeanyi Chukwu Osondu da kamfanin Soleh Boneh, wadda ita ma a kan haɗarin mota ce, har tace ba dole ne sai ka haɗa da direban a cikin ƙara ba, ka tabbatar da laifinsa kawai ka kama ubangidan. Hikimar a fili take, wanda ke cin moriyar aiki shi ya kamata ya ɗauki asarar da aikin ya jawo, kuma shi ke da abin biya.

Nan ne ciyaman ɗinmu zai ce yauwa, ai mu ba ma'aikacinmu ba ne, ba albashi ba takardar ɗauka. Shekaru da dama wannan hujja tana ci, kuma majami'u a Turai sun sha fakewa da ita, su ce limamin coci ai Allah yake wa aiki ba bishop ba. Amma a Birtaniya an rushe ta. A 2012 Kotun Ƙolinsu ta yanke hukunci a kan wata ƙungiyar 'yan'uwa malamai ta ɗariƙar Katolika, masu bin tafarkin De La Salle, waɗanda mambobinsu suka ci zarafin yara a wata makarantar kwana a yankin Yokshaya tsakanin 1958 da 1992, mutum kusan 170 suka yi ƙara. Ƙungiyar ba ta biyan malaman nan, hasali ma su ke miƙa mata duk abin da suka samu, amma kotu tace dangantakar ta yi kama da ta ma'aikaci da ubangida tunda ita ke tura su, ita ke tsara musu rayuwa, kuma aikin da suke yi shi ne ainihin manufarta. Bayan shekara huɗu aka sake yin wata mai ban dariya da ban tausayi, wani fursuna da ke aiki a kicin ɗin gidan yarin Suwansi ya saki buhun shinkafa a gadon bayan shugabar kicin, kotu tace ma'aikatar shari'a ta biya duk da fursuna ba ma'aikaci ba ne. Kaga an bar tambayar nawa ake biyansa, an koma wa yake wa aiki, wa ke ba shi umarni, kuma aikin nasa wani ɓangare ne na harkar gidan ko kuwa tasa harkar yake.

Yanzu ɗauki wannan ma'aunin ka ɗora a kan ɗan agaji na gaske. An cike masa fom, an ba shi katin shaida, ya je sansanin horo ya yi fareti, yana da kwamanda, yana da muƙami a kafaɗa, ana rubuta masa wurin da zai tsaya ranar Idi, in ya yi laifi a tuɓe masa kaki. Yo wane ma'aikacin ne ma ya kai shi zama a ƙarƙashin umarni? Ni a ganina duk ƙungiyar da ke da irin wannan tsari ta daina yaudarar kanta da maganar ba ma biyansa.

Amma fa abin bai ƙare a nan ba, akwai tsani na biyu, kuma shi ne ke ceton ƙungiyoyi. Ko an yarda naka ne, sai an duba ɓarnar da ya yi tana da alaƙa ta kusa da aikin da ka ba shi? Shari'ar da ta fi fito da wannan ita ce ta Shaidun Jehobah na garin Barry a yankin Wels, wadda Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a watan Afrilun 2023. Wani dattijon majami'a, wanda ba a biyansa ko kwabo, ya yi wa wata matar aure 'yar majami'ar fyaɗe a gidansa a 1990, kuma iyalan biyu aminan juna ne. Babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara duk sun ce majami'a ta biya. Kotun Ƙoli tace e, dattijon kamar ma'aikaci yake duk da ba albashi, wannan tsanin an haye, amma abin da ya yi ba a bakin aikinsa na dattijo ya yi ba, a gidansa ne, kuma abota ce ta kai ta wajen, a lokacin ba ya sanye da rigar muƙaminsa ko da a ma'ana. Sai majami'a ta kuɓuta. Mutane da yawa hukuncin bai musu daɗi ba, ni ma da na karanta sai da na yi tsaki, don a al'umma irin tamu ina ne malam ke tuɓe rigar malanta? Ko a gidansa ka same shi da singileti malam ne, kuma wannan girman ne ke sa a sakankance da shi. Amma dai ka fahimci inda aka ja layin: ɗan agajin da ya fasa gilashi a shingen da kwamiti ya sa shi tsaro, yana ƙoƙarin yin aikin da aka ba shi ne ta mummunar hanya, wannan yana ciki. In kuwa bayan an watse ya je majalisa suka yi faɗa a kan ƙwallo ya fasa wa wani baki, ko da kakin na jikinsa, wannan tasa ce.

Inda ƙananan yara suke kuwa kotuna sun fi tsanani, tunda kai ka damƙa masa yaran, kai ka ba shi ɗaki da iko da keɓewa. Kotun Ƙolin Kanada tun 1999 ta ce wa wata gidauniyar kula da yara kasancewarki mai aikin jinƙai ba ya sa a bar yaron da aka cuta ya tafi hannu rabbana. Masu makarantun allo da Islamiyyu su riƙe wannan, balle yanzu Kano ma tana da dokar kare yara tun Mayun 2023.

Kar kuma wani ya ɗauka duniya ta haɗu a kan magana ɗaya. A Nuwamban 2024 kotun ƙolin Ostareliya ta ƙi bin Birtaniya, a shari'ar wani limamin coci na yankin Ballarat, tace in babu ainihin ɗaukar aiki to babu ɗora wa coci laifinsa ta wannan ƙofar, in ana son a canja majalisa ta yi doka. Amurka kuma ta ɓullo ta wata hanya, dokarta ta 1997 ta kare ɗan sa-kai shi kansa daga ƙarar ƙaramin sakaci, in ba tuƙi yake ba ko ganganci ya yi, amma ta bar ƙungiyar a fili a yi ƙararta. Mu a nan hukuncin kotunan waje ba dole ne a kan alƙalanmu ba, ana kawo shi ne don jan hankali, saboda haka lauyan mai ƙara zai zo da na Landan, lauyan ƙungiya ya zo da na Ostareliya, alƙali a Babbar Kotun Kano ya auna. Sai dai kotunanmu sun daɗe suna jingina da na Ingila a wannan fanni, kuma ni ba zan ba wata ƙungiya shawarar ta kwanta a kan sa'a ba.

Mota kuwa ba ta ma buƙatar duk wannan dogon turanci. Tsohuwar ƙa'ida ce cewa in ka ba mutum motarka ya tuƙa don biyan buƙatarka, wakilinka ne a wannan tafiyar ko abokinka ne ko ƙaninka. Bas ɗin da aka rubuta sunan ƙungiya ɓaro-ɓaro a jikinta, an tura ta ɗauko masu wa'azi daga Wudil, ta banke mai babur a Mariri, wa kake jin za a nema? Abin haushin shi ne inshorar ɓangare na uku, wato mai biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna, naira 15,000 ce a shekara ga ƙaramar mota tun Janairun 2023, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har miliyan 3, amma sai ka ga motar ƙungiya da takardar bogi da aka yanka a bakin ofishin lasisi. Wanda ke ƙyamar inshora saboda addini, ai ga takaful nan, wato inshorar Musulunci, a Kano ma akwai ofisoshinsu.

Hisbah daban take, kar a haɗa. Ta faro ne da 'yan sa-kai wajen 2000, amma tun da aka yi mata doka a 2003 zamanin Shekarau ta zama hukumar gwamnati, mai ƙorafi a kanta da hukuma da gwamnatin jiha yake shari'a.

Yanzu bari mu dawo gida, don na san wani zai ce duk wannan dokar Nasara ce, mu a Musulunci "wala taziru waziratun wizra ukhra", wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Gaskiya ne, ayar ta zo a wurare da dama, cikin An'am da Isra'i da Faɗir da sauransu. Amma zunubi take magana a kai, da uƙuba. Lamunin ɓarna babi ne daban a fiƙihu, kuma duk ɗalibin da ya yi Risala a zaure ya wuce ta kansa. Kisan kuskure wa ke biyan diyyarsa, raƙumi 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000? Aƙila ce, dangin mai laifi na wajen uba, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A mazhabarmu ta Malikiyya suna ɗaukar raunin kuskure in ya kai sulusin diyya zuwa sama, abin da bai kai ba a dukiyar mai laifi yake, kuma ba sa ɗaukar na ganganci. Ido ɗaya rabin diyya ne, ka lissafa da farashin zinare na yau ka ji. Sannan Sayyadina Umar da ya kafa diwani sai ya mayar da aƙilar mutum abokan rajistarsa na runduna, wato waɗanda yake taimako da su suke taimako da shi, ba sai 'yan'uwan jini ba. Ba na cewa rundunar agaji ta zama aƙila kai tsaye, wannan fatawa ce ta malamai, amma wanda yace shari'a ba ta san jama'a su haɗu su biya kuskuren ɗayansu ba, bai karanta ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙissar Khalid bin Walid da Banu Jazima, a shekara ta 8 bayan hijira, bayan buɗe Makka. Annabi (SAW) ya tura shi kira zuwa Musulunci, mutanen ba su iya cewa mun musulunta ba suka ce "saba'ana", wato mun sauya addini, Khalid ya fahimce su a karkace aka kashe wasu. Da labari ya iso, Annabi (SAW) ya ɗaga hannu yace ya Allah na barranta zuwa gare ka daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu, yana cikin Bukhari. To amma bai tsaya a nan ba, malaman sira sun kawo cewa ya tashi Sayyadina Ali da dukiya ya je ya biya diyyar jini da ta kaya, har kwanon da kare ke lasa sai da aka biya, ragowar kuɗin ma ya bar musu saboda abin da ba a sani ba. Bai aike shi kisa ba, ya kuma yi tir da aikin a bainar jama'a, amma tunda shi ya tura shi, shi ya biya. Mu kuwa rabin farko muka haddace, da abu ya faru sai takardar manema labarai, ƙungiya ta barranta kanta, ba da yawunmu ba, ɓata-gari ne suka saci kaki. Rabin na biyu, na tashin wani da jakar kuɗi, shi ne ba ma so a karanto.

Akwai kuma wani sabon fage da shugabanni ba su farga da shi ba, 'yan midiya. An ba yaro waya da lambar sirrin shafin ƙungiya na Facebook ko TikTok, shi ke yanka karatu yana sakawa, ran nan ya ga dama ya rubuta cewa wane ɓarawo ne ko wane ya zagi Annabi, a garin da irin wannan kalma ke iya sa a ƙona gida. Shafin sunanku ne, tambarinku ne, ku kuka ba shi makulli. In aka zo ƙarar ɓata suna da wuya "admin ne ya yi" ta fisshe ku. Wanda ya rubuta a shafinsa na kansa kuwa, don kawai yana zuwa karatunku, wannan ba ruwanku, kuma nan ne nake ganin ake zaluntar ƙungiyoyi a bakin jama'a, duk wanda ya ɗage wando ko ya rataya carbi ya yi abu sai a ce 'yan kaza ne suka yi. Mabiyi daban, wanda aka ɗora wa aiki daban. Shi ya sa littafin rajistar 'yan agaji da jadawalin wa aka tura ina yake da amfani ta fuska biyu, yana kama ku in naku ne, yana wanke ku in ba naku ba ne.

Saura maganar da ta fi ci wa ma'aji tuwo a ƙwarya, da wane kuɗin za a biya? Kuɗin da aka tara don siyen tayil ko man janareto amana ce, waƙafi kuma ba a sayar da shi, ba za ka ɗauki filin masallaci ka biya diyya ba. Wannan damuwa ce ta gaske. Amma ai ana iya buɗe asusu daban tun kafin abu ya faru a gaya wa jama'a na mene ne, kuma hadisin Ƙabisa da ke cikin Muslim ya halatta roƙo ga wanda ya ɗauki nauyin biyan wani abu don sulhunta mutane har ya sauke. Muna tara miliyoyi a daren rufe tafsiri don ƙarin bene, ba a taɓa jin an ce ga gwangwanin wanda motarmu ta karya ba. Haka shi kansa ɗan agajin in mota ta kwashe shi yana tare titi, yawanci ziyara ɗaya ce da lemo, sai Allah ya ba da lada.

Maganar unguwarmu dai ba ta je kotu ba, kamar yadda yawancinsu ba sa zuwa, wajen mai unguwa aka ƙare. An yi zama uku, a na biyun har an ɗaga murya, wani a kwamiti yana cewa in aka biya wannan gobe kowa ma sai ya zo, na'ibin liman ne ya karanto musu ƙissar Banu Jazima kowa ya yi tsit. Aka yi sanarwa bayan sallar Juma'a biyu, aka haɗa kuɗin aikin ido da na gilashi, iyayen saurayin suka kawo abin da ya sawwaƙa, uban yaro ya yafe sauran. Idon bai mutu ba amma yaron da tabarau yake zuwa makaranta yanzu. Saurayin yana nan a bakin titi duk Juma'a da kakinsa da usur ɗinsa, gorar ce dai aka karɓe, kuma an ce in mara lafiya ne a ɗage benci.